Doguwar Motar da Ta Kasa Shiga Lungunmu

Saura wata uku bikin autar ɗakinmu ta kira ni a waya bayan sallar isha'i, ta yi ta jan gaisuwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi aiki, har na gane akwai magana a bakinta da take jin nauyin fitarwa. Da na matsa mata sai ta ce, "Yaya, abu ɗaya nake roƙo, kuma in babu hali wallahi na haƙura. So nake a ɗauke ni a limozin ranar bikina." Tun rasuwar mahaifinmu ɗawainiyar yarinyar nan a hannuna take, daga kuɗin makaranta har kayan ɗaki, kuma ban taɓa jin ta nemi wani abu na ƙawa ba, saboda haka na ce mata an gama tun kafin in tambayi kaina ko na san abin da nake ɗaukar alkawari a kansa. Magana kuwa zarar bunu ce. Washegari kafin azahar ƙawayenta duka sun ji, kafin la'asar labari ya isa kunnen Gwaggo.

Abin da na sani game da limozin a lokacin bai wuce abin da kowa ya sani ba, wato farar mota ce doguwa mai baƙin gilashi da ake gani a finafinan Amurka, wani lokaci kuma a ƙofar manyan otal-otal na Abuja, inda nake aiki. Na ɗauka hayarta kamar hayar kowace mota ce, ka biya, a haɗa ka da direba, ya kai ka ya dawo da kai. Na fara nema a Instagram, inda masu wannan sana'a suke baje kolinsu, na tuntuɓi kamfanoni uku, kowanne ya turo mini hotuna da farashinsa, kuma tazarar da ke tsakanin mai arahar da mai tsadar ta isa ta saya wa amarya firiji. Sai da na jera hotunan ina kwatantawa na lura cewa mota ɗaya ce, domin akwai wata 'yar lotsawa a ƙofar baya ta hannun dama da ta fito a hotunan duka ukun. Ashe biyu daga cikinsu dillalai ne waɗanda ba su mallaki ko taya ɗaya ba, sai dai su karɓi kuɗinka su ɗora nasu kason, su kira mai motar. Na bi diddigi har na samu mai ita, na kuma ce ba zan ba da ko sisin kafin alƙalami ba sai na gan ta da idona.

Na tafi da makanikena, wani mutum da ya shekara goma sha biyu yana duba mini mota kuma bai taɓa sa ni sayen abin da ba na bukata ba. Mun same ta a wani gareji a bayan gari, an lulluɓe ta da tamfol biyu da aka haɗa baki da baki saboda ɗaya ba ya rufe ta. Da aka yaye, na yarda cewa tana da kwarjini. Lincoln Town Car ce fara sol, tsawonta ya kai mita takwas da rabi, alhali Camry da muke hawa kullum ba ta cika mita biyar ba. A ciki akwai doguwar kujerar fata da ta bi gefe ɗaya ta lanƙwasa a gaba, a ɗaya gefen kuma wata 'yar kanta mai madubi da kofunan gilashi a jere, rufin kuwa an watsa masa ƙananan fitilu kamar taurari, kodayake kusan kashi ɗaya bisa uku sun mutu. Ni ina can ina shafa fatar kujera, makanike ko kallon ciki bai yi ba. Ya nemi kwali ya shimfiɗa, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta da tocilan, ya jima shiru, sannan ya ce, "Alhaji, sunkuyo ka ga inda aka yanka ta."

Na sunkuya na ga layin walda biyu, ɗaya bayan kujerar direba, ɗaya gaban tayoyin baya, da dogayen ƙarafa a tsakaninsu waɗanda launinsu ya bambanta da na sauran ƙarfen motar. A nan na fahimci abin da ban taɓa tunani a kansa ba, cewa irin wannan mota ba a haka take fitowa daga masana'anta ba. Mota ce ta yau da kullum da wani kamfani na dabam yake saya, ya cire kujeru da wayoyi, ya raba ta gida biyu da zarto, ya ja gaba da baya, ya cike tsakiyar da sabon ƙarfe, sabon rufi da sabon daɓe. Duk abin da ya ratsa daga gaba zuwa baya dole a ƙara masa tsawo, wato farfela (sandar da ke juya tayoyin baya) da salansa da bututun man birki da na fetur da wayoyin lantarki. Sannan an ɗora wa motar nauyin da masu ƙirarta ta asali ba su lissafa ba, ga ƙarin ƙarfe, ga mutum takwas ko goma a inda aka tanadi biyar, saboda haka in ba a ƙarfafa birki da tayoyi da ƙafafun motar ba, an yi doguwar riga ne a kan ƙafar yaro. Abin da ya sa Town Car ta zama uwar wannan sana'a shi ne gangar jikinta a ɗore take a kan wani ƙashin ƙarfe mai zaman kansa, irin na motocin ɗaukar kaya, wanda ya fi sauƙin yankawa da ƙarawa. Kamfanin Ford ma yana da tsarin da yake tantance masu wannan aiki, kuma iyakar ƙarin da ya amince a yi wa Town Car shi ne inci 120, kimanin mita uku. Amma an daina ƙera Town Car tun 2011. Ma'ana, duk wadda ka gani tana ƙyalli a ƙofar ɗakin biki, shekarunta sun haura goma, kuma mai yiwuwa ta gama aikinta na ƙuruciya a titunan Amurka kafin a sa ta a jirgin ruwa. Abu ɗaya da ya zo mata da sauƙi a nan shi ne sitiyarinta na hagu ya dace da mu, tunda Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972.

A daren nan na zauna ina karance-karance, kuma da na san abin da zan tarar da na bari sai da safe. Ranar 6 ga Oktoba 2018, a wani ƙaramin gari da ake kira Schoharie a jihar New York, wata limozin da aka yi da Ford Excursion ta 2001, aka ƙara mata inci 144, ta gangaro daga tudu birki ya ƙi kamawa, ta zarce mahaɗar hanya ta faɗa cikin kwazazzabo. Mutum 20 suka rasu: fasinjoji 17, direba, da mutum biyu da suke tsaye a wajen ajiye motoci. Bikin cikar ɗaya daga cikinsu shekara 30 za su je, kuma huɗu daga cikin mamatan mata ne 'yan uwa ciki ɗaya. Bincike ya nuna cewa motar ta faɗi gwajin hukuma, an ma hana ta hawa titi, amma aka ci gaba da ba da hayarta, kuma a 2023 kotu ta ɗaure wanda yake tafiyar da kamfanin. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 4 ga Mayu 2013 a kan gadar San Mateo da ke Kalifoniya, domin irin motar da na gani ce, Town Car, kuma amarya ce a ciki da ƙawayenta. Ƙafafun baya ne suka sauka, farfela ta riƙa gugar daɓen motar har wuta ta tashi ta baya, daidai inda ƙofofin fasinja suke. Mata huɗu sun tsira ta 'yar tagar da ke tsakaninsu da direba, biyar suka rasu, har da amaryar.

Na koma garejin bayan kwana biyu da buƙatun da mai motar bai saba ji daga bakin masu biki ba. Na ce a kwance tayoyi makanikena ya duba birki, aka kwance, aka tarar na baya ya cinye, muka yi yarjejeniya a canja shi a gabanmu. Muka duba lambobi huɗun nan da ke jikin kowace taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, biyu suka nuna sun tsufa ƙwarai duk da zanensu bai goge ba, domin motar da ba ta fita sai ranar biki tayarta ba ta cinyewa, bushewa take yi. Na shiga ciki na sa aka rufe ni, na gwada buɗe ƙofofin baya biyu daga ciki, ɗaya ta buɗe, ɗaya ta ƙi saboda an danna mata makullin yara an manta. Na nemi a ajiye tukunyar kashe gobara a ɓangaren fasinja, ba a but kawai ba, na nemi takardar inshora da izinin baƙin gilashi, na kuma tono bel ɗin kujeru daga inda aka cusa su don kada su ɓata hoto. Mai motar ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, haya za ka yi ko saye?" Na ce haya, amma wadda za a sa a ciki ba ni da irinta biyu. Ban ga laifinsa sosai ba, domin a shekarun da ya yi yana wannan harka tambayar da aka fi yi masa ita ce ko fitilun rufi suna canja launi.

Maganar kuɗi ita ma tana da nata lunguna. Ba a ba da hayar limozin da kilomita, da awa ake bayarwa, kuma akwai mafi ƙarancin awannin da dole ka biya ko da tafiyar minti ashirin ce. Abin tambaya shi ne yaushe agogo yake fara lissafi, lokacin da mota ta iso ƙofar gida ko lokacin da amarya ta shiga, kuma duk wanda ya san bikinmu ya san cewa tsakanin waɗannan biyu akwai awa biyu ko uku. Akwai kuɗin ajiya na ɓarna, wanda za a mayar maka in ba a zubar da komai a kujera ba kuma ba a lika ado da gam a jikin fenti ba. Akwai mai, wanda injinta mai silinda takwas yake sha ko tana tafiya ko tana tsaye da na'urar sanyi a kunne. Babbar matsalar kuwa ita ce a Kano za a yi bikin, motar tana Abuja, tsakani fiye da kilomita 400 ta Kaduna da Zariya, kuma mai ita ya rantse ba za ta taka wannan hanya da ƙafarta ba. Sai an ɗora ta a kan babbar motar ɗaukar motoci, zuwa da dawowa, kuma kuɗin dakon ya zarce kuɗin hayar kanta. Na sa aka rubuta komai a takarda, har da lambar motar da sunan direba, don kada ranar biki a turo mini wata a ce wancan ta samu matsala.

A cikin karatun da na yi na ci karo da asalin abin, ya kuma ba ni dariya. Sunan ya samo asali ne daga yankin Limousin na ƙasar Faransa, amma doguwar irin wannan a Amurka aka fara yin ta, a garin Fort Smith na jihar Arkansas wajajen 1928, a wani kamfani mai suna Armbruster, kuma makaɗa ne suka fi amfani da ita don ɗaukar tawagarsu da kayan kiɗansu daga gari zuwa gari, daga baya otal-otal suka riƙa kwaso baƙi da ita daga filin jirgi. Wato tun farko bas ce, sai daga baya aka sa mata babbar riga aka naɗa mata rawani. Da a ce a garinmu aka ƙirƙiro ta, da motar maroƙa da masu kalangu za a kira ta.

Direban ya iso Kano kwana biyu kafin biki, tare da motar. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana, ya ce ya shekara da yawa yana tuƙa baƙi a wani ofishin jakadanci kafin ya yi ritaya. Ko ruwa bai gama sha ba ya ce in ɗauke shi a motata in bi da shi duk hanyar da ake so ya bi, daga farko har ƙarshe. Na ce masa ai akwai taswira a waya. Ya ce, "Alhaji, waya ba ta san tsawon motata ba."

Gidanmu na gado yana cikin birni, ta wajen Mandawari, kuma daga Sabon Titi sai ka karya kwana ka shiga wani layi, ka haura wani kwalbati mai tudu, sannan ka sake karyawa ka shiga lungunmu, inda in adaidaita sahu biyu suka haɗu sai ɗaya ya ja baya. A bakin kwanar farko ya ce in tsaya. Ya fita ya auna faɗin layin da taku, ya auna daga bakin kwata zuwa turken wutar lantarki, ya je ya tsuguna a gefen kwalbatin yana kallon tudunsa ta ƙasa kamar mai duban wata, yaran unguwa sun kewaye shi suna kallo. Da ya dawo ya yi mini bayani a taƙaice. Tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya ta yi yawa, saboda haka in tayoyin gaba suka haura tudu suka sauka, na baya ba su iso ba tukuna, cikin motar ne zai zauna a kan tudun, ta maƙale kamar kwale-kwale a kan yashi. A kwana kuma tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, yanke hanya suke yi ta ciki, don haka in ya karya inda ƙaramar mota take karyawa, bayanta zai faɗa kwata ko ya goge turken. Ya ce zai iya kawo ta bakin Sabon Titi, amma ko da za a ninka masa kuɗi ba zai shigar da ita layin ba. Muka wuce ta Tal'udu da Kabuga zuwa gidan ango a bayan Rijiyar Zaki, yana ƙirga tudun rage gudu da ke kan hanya yana rubutawa a bayan wani rasit, kuma a inda kwalta ta ƙare ya sake cewa nan ne iyakarsa. Daga nan zuwa ƙofar gidan ango akwai tafiyar minti biyar a kan hanyar ƙasa da ruwan damina ya zaizaye.

Sai ya zamana na yi dakon mota tun daga Abuja wadda ba za ta iya ɗaukar amarya daga ƙofar gidan ubanta ba, ba kuma za ta iya sauke ta a ƙofar gidan mijinta ba. Na shiga gida da wannan labari ina neman yadda zan fara, na tarar da Gwaggo a tsakar gida ana jera mata kwanukan alkaki da dubulan tana ƙirgawa. Ita ce ƙanwar mahaifinmu, kuma a danginmu ba a kai amarya sai da izininta. Tun farko ba ta so maganar motar ba, sai dai ta yi shiru don kada a ce ta hana marainiya abin da take so. Da ta gama saurarona sai ta ce, "Kai ɗan nan, dama wa ya ce maka a cikin wannan abin zan kai 'yar ɗan'uwana? Amarya a lulluɓe take fita, tana kuka, babba a damanta babba a hagunta. A wannan motar taku da ake zama a jere kamar ɗakin jiran likita, ina zan zauna in riƙe ta?" Sannan ta yi dariya, ta ce ai abin da muke nema tsofaffi sun riga mu yin sa. A zamaninsu, in za a kai amarya, sai a yi wa wata yarinya ado a ɗora ta a kan doki, makaɗa da 'yan kallo su bi ta da guɗa, ita ce amaryar boko, amaryar gaskiya kuwa tsofaffin mata su bi da ita ta wata hanya a natse ba wanda ya sani. Ta ce, "To ga dokinku nan kun samu, sai ku nemo masa amaryar boko."

A haka aka raba gardama. Aka shirya cewa daren dina Auta za ta yi kwalliya a gidan Baffa da ke Nasarawa, inda titi yake da faɗi kuma ƙofar gida take buɗewa kai tsaye a kan kwalta, limozin ta ɗauke ta da ango daga can zuwa ɗakin taro. Daren kai amarya kuma motar ta jira a bakin Sabon Titi ta ja ayari, ita kuwa amarya a sa ta a tsohuwar Peugeot 504 ta Baffa, Fijon nan haɗin Kaduna da ya ƙi rabuwa da ita, wadda ba ta san wani abu wai shi kwalbati ba. Na yi fargabar gaya wa Auta, amma da na faɗa mata sai ta ce, "Yaya, in dai zan shiga ko sau ɗaya ne, ya ishe ni."

Ranar dina an ce mota ta iso ƙarfe bakwai, ta iso saura kwata. Mai kwalliya ba ta saki amarya ba sai tara da rabi, kuma duk wannan lokaci ina tsaye a ƙofar gida ina jin ƙarar inji, ina lissafin awa a zuciyata. Direban bai nuna ƙosawa ba ko kaɗan. Ya cire kofunan giyan da ke kantar ya goge su, ya jera robobin zoɓo da kunun aya da Hajiya ta aiko, ya gyara motar yadda ƙofar baya za ta yi daidai da ƙofar gida, don kada amarya ta taka ƙasa fiye da taku uku. Da ta fito ya buɗe ƙofa, ya kawar da kansa gefe, ya gaya wa babbar ƙawa cikin ladabi cewa ƙawaye su fara shiga, amarya da ango su shiga a ƙarshe su zauna a kujerar baya mai kallon gaba. Hikimar wannan ta bayyana nan take, domin rufin limozin bai fi na ƙaramar mota tsawo ba, kuma mai zama a can gaba sai ya sunkuya ya yi tafiyar agwagwa mita uku. Ƙawaye shida cikin ɗinkin anko mai matse gwiwa da ɗaurin kallabi mai tsini suka yi ta rarrafe suna dariya, ɗaya ta taka wa ɗaya gefen zani, ɗaurin wata ya goge fitilun rufi ya warware. Ba a nuna wannan ɓangaren a hotunan talla.

Na bi su a baya da motata, kuma a nan na ga abin da na biya kuɗi dominsa. Bai bi gajeriyar hanya ba, ya zagaya ta manyan titunan Nasarawa da ya riga ya zaɓa, bai wuce gudun da mai keke mai ƙarfi zai iya binsa ba, yana fara taka birki tun daga nesa, a shatale-tale yana buɗewa ya cinye layi biyu bayan ya tabbatar na bayansa sun gane nufinsa. Tudun rage gudu ɗaya da ba shi da makawa ya hau shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali har na ji kamar in fita in tura. Masu adaidaita sahu suna ta hon, wasu samari a kan babur suka bi su suna ɗaukar bidiyo. Tafiyar duka ba ta kai minti ashirin da biyar ba. Daga baya na tambayi Auta yadda ta ji, ta ce ta ji daɗi ƙwarai, sai dai gilashin ya yi duhu har ba ta ga komai a waje ba, kuma ta tabbata babu wanda ya gan ta. Biyu daga cikin ƙawayen da suka zauna a kujerar gefe kuwa sun sauka da jiri, domin tafiya a zaune kana kallon gefen titi ba kowane ciki ne yake ɗauka ba.

Na biya kuɗin ƙarin awa uku a daren nan, kuma ban yi musu ba tunda da hannuna na sa a takarda. In aka tambaye ni ko motar ta ci kuɗinta, zan ce ƙarfen bai ci ba, domin ba ta fi jif mai kyau daɗin zama ba, ba ta kai ta sauƙin shiga ba, kuma ba ta zuwa inda jif take zuwa. Dattijon nan ne ya ci kuɗinsa har da ƙari. Da wani yaro aka turo mini mai jin kunyar cewa ba zai iya ba, da ya cusa ta layinmu don ya faranta mini, da har yanzu ana ba da labarin ranar da limozin ta zauna a kan kwalbatin Mandawari aka tara majiya ƙarfi suna ɗagawa.

Daren kai amarya aka cika ta da 'yan matan dangi da ƙananan yara, direba ya tsaya a ƙofa ya ƙirga su, ya sauke uku da suka haura adadin kujeru duk da kukan da suka yi. Aka sa wata 'yar ƙanwata mai shekara tara a kujerar baya da mayafin uwarta, ta zama amaryar boko, ta kuma riƙe muƙamin da muhimmanci, har da sunkuyar da kai. Motar ta ja gaba, ayari ya bi ta da hon da guɗa, mutane a bakin titi suna nuna ta suna cewa ga amarya can. Amarya kuwa tana mota ta biyar, cikin Fijon Baffa, a lulluɓe cikin laffaya tana kuka, Gwaggo a dama, Inna a hagu, ƙamshin turaren wuta ya cika motar. A ƙarshen kwalta limozin ta tsaya ta kunna fitilun gefe, Fijo ta ratsa ta gefenta ta gangara hanyar ƙasa.

Sai wajen sha ɗaya da rabi tsofaffi suka gama yi wa amarya nasiha suka fito. Muna tafe a ƙafa zuwa bakin titi da hasken waya, Gwaggo tana dafe da kafaɗata tana share ido da gefen mayafi, sai ta hango motar a tsaye, fitilun rufinta suna ƙyalli ta ƙofar da aka bari a buɗe. Ta tsaya ta dube ta tun daga gaba har baya. Ta ce, "An biya kuɗin komawa?" Na ce an biya. Ta ce, "To ba za a yi asara ba." Direba ya riƙe mata ƙofa, ta yi bismilla, ta tuɓe takalmanta a kan kwalta kamar mai shiga ɗakin surukai, ta shiga ta zauna a kujerar amarya ta miƙe ƙafa. Dattijon ya sunkuya ya ɗauki takalman, ya kakkaɓe su, ya ajiye mata a ciki, sannan ya rufe ƙofar a hankali ya zagaya ya fara neman inda zai juya.